Gwadabe Mai Sunsuna Inji

Kafin rana ta yi ƙarfi, Usta Gwadabe ya riga ya sauka daga motar haya a bakin Sana'iyya, unguwar masana'antu da ke kudancin Jidda, da gorar shayinsa a hammata. Daga Madain Fahd yake tahowa, inda da yawanmu muka watsu bayan an rushe mana unguwarmu Karantina. Yakan ɗaga ƙofar warsharsa, wato shagon gyaransa, amma ba ya shiga. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga kai, ya shaƙi iskar da ta kwana a ciki. Ba ya kunna fitila, ba ya taɓa fanka, har sai ya gamsu da abin da hancinsa ya gaya masa. Bayan nan ne zai yi bisimilla ya sa ƙafa.

Gyaran dabbab ne sana'arsa, shi ya sa ake ce masa Usta, wato gwanin aiki. Ga masu karanta ni daga gida, dabbab shi ne babur ɗin ruwa, wanda samarin Jidda ke hawa suna tsaga teku a Abhur, can arewacin gari. A kan tirela ake jawo masa su, kuma kusan duk wanda ya zo kukansa ɗaya ne: ya ƙi tashi.

Ni sunana Khadijatu, amma a nan Ummu Zahar ake ce mini. Na daɗe ina kai wa ma'aikatan layin abincin rana, saboda haka abin da zan faɗa a kan mutumin nan da idona na gani, ina zuba masa miya. Kuma bari in faɗa tun yanzu, kada wani ya zaci jarumi zan yaba. Ban taɓa ganin namiji mai tsoro irin Gwadabe ba, kuma tsoron nasa nake yi wa jinjina.

Duk dabbab ɗin da aka kawo, ko na wane ne, ko mai shi yana ta duba agogo, Gwadabe ba ya barin kowa ya kai yatsa kan maɓallin tayarwa. Zai cire kujerar, ya durƙusa, ya cusa kansa cikin cikin injin yana sunsunawa, kamar uwar da ke duba ko jaririnta ya ɓata wando. Masu dabbab su yi ta dariya. Larabawan layin suka sa masa Abu Khashm, wato mai hanci, ni kuma nakan ce masa in ƙamshin abinci yake nema, ga kulata nan, ya rabu da ƙarfe. Sai ya ɗago, ya bar kujerar a buɗe iska ta ratsa, sannan ya ce, "To, yanzu danna mu ji abin da zai ce."

Da kunne yake fara gano ciwo. Idan aka danna aka ji shiru, sai ya duba igiyar makulli, wadda mahayi ke ɗaurawa a wuyan hannu, don wani lokacin ba ta zauna daidai ba ne kawai, mutum ya jawo tirela tun daga Abhur a banza. Idan ya ji "tak" guda, batir yake nufa, don gishirin teku yana cin kan batir har ya yi kore. Injin da ke juyawa amma bai kama ba, sai ya zare fulogi ya duba bakinsa, jiƙe yake ko a bushe. Akwai kuma wanda yake nishi ya kasa juyawa, shi wannan ko ruwa ya shiga cikinsa bayan ya kife, ko leda da igiya sun naɗe farfela daga ƙasa. Na taɓa ganin ya zaro hular wani yaro daga ƙarƙashin dabbab, ya wanke ta, ya miƙa wa mai shi ya ce a kai wa mai ita in an gan shi. Ni da ban san sifana daga cokali ba, don yawan ji sai da na haddace karatun.

Abin da ban sani ba shi ne dalilin sunsunar, sai da matarsa Indo ta gaya mini. Gwadabe ko a zafin da ke narka kwalta ba ya naɗe hannun rigarsa na hagu, kuma girarsa ta wannan gefen ba gashi. Indo ta ce tun yana saurayi ne, shi da abokinsa Mustafa, Bahaushen Sudan da suka koyi aiki tare. An kawo musu dabbab da ya ƙi tashi, ashe tiyon fetur ya tsage, tururin man ya cika cikin dabbab ɗin a rufe. Mustafa ya hau ya danna. Gwadabe yana tsaye a gefe, riƙe da kan tirela. Shi ya tashi a asibiti, Mustafa kuwa ba a bari mahaifiyarsa ta buɗe likkafaninsa ba. Indo ta ce har yau in ta ƙyasta ashana a bayansa sai ya zabura.

To ranar da na san darajar wannan tsoro, wata Alhamis ce bayan la'asar. Iska ta taso tun azahar tana ta yawo da ledoji a titi. Na dawo ɗaukar kwanukana, sai wayar Gwadabe ta yi ƙara. Hannunsa duk baƙin mai, ya ce in danna masa in sa a sifika. Muryar ɗana na ji.

Zaharadden shi kaɗai Allah ya bar mini. A Karantina na haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Ni ina da iƙama, wato takardar zama, a hannun wata tsohuwa da na yi wa aikin gida, shi kuwa tasa ta mutu tare da mahaifinsa, muka yi ta faɗi tashi ba ta gyaru ba. Ya girma, har da gemu, ya samu aiki wurin wani mai ba da hayar dabbab a Abhur, Abdulghaffar, wanda ba ya tambayar takarda.

"Ammi Gwadabe, dabbab ya mutu min a bahar," in ji shi. Ammi yake ce masa, wato baffa. Iska na ta buga wayar.

"Kana ina?"

"Barra. Na wuce bakin sharm. Wanda ya yi hayarsa ya ce yana yankewa, Abdulghaffar ya ce in jarraba shi."

Sharm shi ne mashigin ruwan Abhur, kwance yake lafiya lau. In ka fita bakinsa ka shiga teku sosai, kuma a gefe akwai duwatsun murjani masu kaifi da igiyar ruwa ke fashewa a kansu. Wannan ko ni na sani. Na ajiye kwanon da ke hannuna.

"Ka danna?" Gwadabe ya tambaya.

"Na danna, na sake. Ya juya shwayya, a hankali, sai tak. Bas."

"Ɗauke hannunka daga wurin. Cire kujera, ka sa hancinka."

Ba abin da muke ji sai iska da ruwa yana marin gefen dabbab ɗin. Sai ga tari.

"Banzin, ya Ammi, fetur. Da yawa. Har idona yana yaji."

"Leƙa ƙasa. Ruwan da ke kwance, yaya yake?"

"Yana ƙyalli, kala-kala."

"Batir fa? Da ido za ka duba, kada ka taɓa."

"Ga shi, wayar ce ta saki, kan ya yi kore." Na ji muryarsa ta ɗan saki, har da 'yar dariya. "Basiɗa ce wannan, ƙaramin abu. Ina da sifana, in ɗaure, ya tashi, halas."

Gwadabe ya sulale ya zauna a ƙasa, cikin mai da ƙura. Duk zamana a layin ban taɓa ganinsa zaune a ƙasa ba.

"Zahar, saurare ni," in ji shi. "Ba zan yi maka ƙarya ba, in ka ɗaure wayar nan zai iya tashi. Amma kana zaune ne a kan fetur. Ƙyas ɗaya yake jira, ko daga sifanarka, ko daga sitata. Dannawar da ka yi ɗazu, Allah ne kawai ya tsare."

Ya karɓi wayata ya kira Abdulghaffar don a aika wani ya jawo shi. A kashe take. Ya kira sauran samarin da ke aiki a wurin, suka ce jirgin masu tsaron teku yana sintiri kusa da bakin sharm saboda iska, su kuma ba mai takarda a cikinsu. Ɗaya ya ce a gaya wa Zahar ya ɗan jira iska ta kwanta.

"Ammi, ina ganin farin kumfa," Zahar ya ce. "Iska tana kai ni kan dutse."

"Zan kira Haras," in ji Gwadabe. Masu tsaron tekun ke nan.

Ban san lokacin da na damƙe hannun rigarsa ba. Wanda bai zauna irin zamanmu ba ba zai gane ba. Mu ne gobara ke kama ɗaki a Karantina mu kashe ta da bokiti, ba don babu waya ba. Mace takan yi naƙuda mai tsanani a gida, maƙwabta su yi ta addu'a, ba wanda zai kira motar asibiti, don wanda ya zo ceto zai tambayi suna, daga suna sai takarda. Mun saba da tsoron mai ceto fiye da abin da zai cece mu daga gare shi. Wannan tarbiyya ni na ba ɗana, kuma ya riƙe ta da kyau.

"La, la, ya Ammi, don Allah," Zahar yana cewa. "Za su tambayi iƙama. Tarhil ne, za a mayar da ni Najeriya. Ni wa na sani a can? Bar ni in gwada marra ɗaya. Umma tana nan? Umma, gaya masa."

"Cire igiyar makullin daga hannunka," in ji Gwadabe, "ka jefa ta a ruwa."

Ba tare da igiyar nan ba, wannan dabbab ko an danna ba ya motsi. Zahar ya sani. Muna jin numfashinsa, muna kuma jin ƙarar ƙarfe, alamar ya fito da sifanar. Gwadabe ya juyo ya dube ni. Sai ya yi abin da bai taɓa yi a gaban kowa ba, ya naɗe hannun rigarsa na hagu har kafaɗa. Fatar ta tattare ta yi sumul, kamar ledar da ta kusanci murhu.

"Ummu Zahar, ba zai ji tawa ba," ya ce a hankali. "In na kira, za ki rasa shi a Jidda, wannan na sani. In ya danna, ban san abin da za a kawo miki ba. Ni a gefe kawai nake tsaye, ga abin da na samu."

Ya sa mini wayar a tafin hannu. Wallahi na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na jingina da tirela. Zuciyata tana ce mini wataƙila ya tashi lafiya, wataƙila tsohon nan tsoronsa ne kawai, ga ɗanki zai dawo gida ya ci tuwo. Na dubi hannun nan, na kasa ɗauke ido.

"Zaharadden," na ce. "Tun da na haife ka ban taɓa haɗa ka da nonon da ka sha ba. Yau na haɗa ka. Ajiye ƙarfen nan, ka jefa makullin."

"Umma..."

"Jefa."

Kuka ya fashe da shi, ƙaton namiji. Can ya ce, "Na jefa."

"Rantse," in ji Gwadabe.

"Wallahil azim, na jefa."

Gwadabe ya kira da wayata, ya bar tasa a kan layin Zahar. Cikakken sunansa ya bayar, da sunan warsha, da inda take, alhali ya san za a zo a tambaye shi yadda ya san yaron. Ya kwatanta musu wurin, ya ce cikin dabbab cike yake da fetur, kada wanda ya gwada tayar da shi, kada a kusance shi da wuta. Bai manta komai ba. Ya koma kan Zahar, ya ce ya bar kujera a buɗe, ya ƙara ɗaure rigar ruwansa, ya koma can baya ya zauna, in ya ga dutse ya matso ya yi tsalle gefe ya rabu da dabbab ɗin. Yana cikin magana muka ji wani irin ruri na ruwa, layin ya yanke.

Muka kira, muka sake kira, wayar ba ta shiga. Na zauna a tsakiyar kwanukana, ban iya kuka ba, ban iya addu'a ba, sunansa kawai nake maimaitawa. Aka kira magariba. Gwadabe ya shimfiɗa kwali ya tayar da salla a bakin ƙofa, ina jin sa yana ta maimaita aya ɗaya ya kasa wucewa. Ni kuwa abin da ke cina shi ne, in dutse ya kashe shi, da bakina na raba shi da makullin.

Bai daɗe da sallamewa ba baƙuwar lamba ta shigo. Wani jami'i ne. Ya ce sun tsamo shi daga ruwa dab da duwatsun, murjani ya yanke shi a ƙafa, amma lafiyarsa ƙalau. Sun ɗaure masa ciwon, sun ba shi ruwa da bargo. Sannan ya ce akwai maganar iƙama. Aikinsu suka yi, ba ni da abin cewa a kansu sai godiya. Gwadabe ya kifa goshinsa a kan kwalin, ya daɗe bai ɗago ba.

Abin da muke tsoro ya faru. Daga gidan tarhil aka sa ɗana a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba, wurin ƙanena. A unguwa kuwa magana ta tashi, wai Gwadabe ya miƙa ɗan Hausawa da hannunsa. Wasu suka daina ba shi hannu a masallaci, aka daina gaya wa Indo suna da biki. Bai kare kansa ba ko da kalma ɗaya. Da aka saki dabbab ɗin aka kawo masa, na gan shi ya tura shi can fili nesa da mutane, yana tsane fetur da soso yana matsewa a bokiti. Tiyon ya tsage tsawon yatsa. Bai kira kowa ya zo ya gani ba. Ni na kira, don ni Allah ya ba ni baki, kuma duk wanda ya sayi abincina a watan nan da labarin tiyon ya ci shi.

Usta Gwadabe, kai ne wanda aka yi wa dariya shekara da shekaru kana durƙushe da kai cikin inji, ba ka fasa ba ko sau ɗaya don kunya. Kai ne ka gaya wa yaro gaskiya cewa injin zai iya tashi, a lokacin da ƙarya ta fi sauƙi. Kai ka ɗauki zagin unguwa ka ajiye a ɗakinka. Ban san adadin waɗanda suka hau dabbab ɗin da ka gyara suka koma gida lafiya ba, su ma ba su san sunanka ba. Ni dai na san ɗaya.

Yanzu ga shi ka ajiye aiki, kuma dalilin ma irin naka ne. Indo ta ce tun rashin lafiyar da ka yi bara, takan turara ɗaki ka shigo ba ka ce komai ba. Watan jiya ka jiƙa tsumma da fetur ka kai hanci, ba ka ji komai ba. Idonka garau, kunnenka garau, hannunka bai gaji ba, amma washegari ka kai wa kafilinka, mai riƙe da takardar zamanka, makullin warsha. Ya ce zai sayo na'urar da ke gano tururin mai, ka ce ya saya don wanda zai gaje ka, kai dai zuciyarka ba za ta kwanta ka ce wa ɗan wani "danna" ba. Ka nemi bizar fita, za ka koma gida.

Ku samarin da ke Abhur, da ku da ke gyara a Sana'iyya, ku ɗauki wannan ɗabi'a ko da za a yi muku dariya. Injin da ya ƙi tashi, kada ku yi ta dannawa da zuciya. Ku cire kujera, ku sunsuna, ku bar iska ta shiga. Mu kuma iyaye da muka koya wa 'ya'yanmu ɓuya, mu koya musu cewa akwai ranar da ake kiran ceto, ko me zai biyo baya. Na san nauyin abin da nake faɗa, don duk dare ina wuce katifarsa a naɗe a kusurwar ɗaki.

Zahar yanzu janareto yake gyarawa a Kano. Hausarsa ta fara miƙewa, duk da har yanzu in ya fusata Larabci yake zuba musu. Ƙanena ya ce duk injin da aka kawo masa sai ya durƙusa ya sunsuna tukuna, 'yan kasuwa suna ta yi masa tsiya. Duk Juma'a yana kirana, in ji muryarsa, in yi masa faɗan aure.

Na gode, Gwadabe. Ka raba ni da ɗana, kuma har in mutu ina gode maka. Allah ya saka maka, ya ji ƙan Mustafa, ya kai ka gida lafiya kai da Indo. Na gaya wa Zahar ranar da jirginku zai sauka. Ya ce kada ka nemi ɗan dako, shi zai tarye ka, ya ɗauki jakarka da hannayensa biyu.